Darussa Daga Bakin Kwalta a Ƙasar Daura

Aikin da na ci abinci da shi shekaru masu yawa shi ne abin da takardun ofis ke kira ƙawata hanya: wane itace za a dasa a gefen titi, a ina, me za a yi da tsakiyar tagwayen hanya, yaya shataletale zai kasance, ina matafiyi zai tsaya ya miƙe ƙafa. In na yi wannan bayani a wurin ɗaurin aure, mutane sukan gyaɗa kai cikin ladabi, can sai wani ya ce, “Wato dai kai ne mai fulawa.” Ban cika jin haushi ba, domin da na fara ni ma abin da na ɗauki kaina ke nan.

Daura gari ne na mahaɗar hanyoyi. Babbar hanyar Kano ta biyo ta Ɗambatta da Kazaure da Sandamu, ta ratsa gari, ta wuce ƙasar Mai'aduwa har Kwangwalam, inda Nijeriya ta ƙare, Damagaram tana gaba. Ta Katsina ta shigo daga yamma, wata kuma ta yi gabas zuwa Zango da Baure. Tsakanin 2015 da 2023, lokacin da ɗan garin, marigayi Muhammadu Buhari, yake shugabancin ƙasa, ayyuka sun yi ta sauka: a 2019 aka aza harsashin jami'ar sufuri, a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda zai bi ta nan. Inda duk aka zuba kwalta kuwa, akwai gefe biyu da wani zai yanke shawarar abin da za su zama. Sau da yawa wannan wani ni ne, kuma ga abin da na koya, galibi bayan an riga an biya kuɗin kuskuren.

1. Tun ran gini, tun ran zane.

Mai tsara itatuwa shi ake kira na ƙarshe. Safiyo ya kafa turakunsa, katafila ta share, an zuba jan ƙasa an daddaɓe, kwalta ta bushe, sannan a tuna da wani ɗan layi a ƙasan takardar kwangila mai cewa a dasa itatuwa. Na saba da haka har na ɗauka ƙa'ida ce. Shi ya sa ranar da aka yi abin arziki aka kawo mini taswirar wani aikin faɗaɗa hanya tun kafin a fara, ban san darajar abin da aka ba ni ba. Na shimfiɗa ta a tebur ƙarƙashin fanka, na ƙirga dashe nawa kowace kilomita za ta ci, na sa hannu. Ƙafata ba ta taka wurin ba. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta ware mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe a matsayin filin hanya, kuma direban katafila, in ba a shafa wa itace fenti an ce a bar shi ba, ba ya tambaya. Ranar da na je, na tarar da wata tsamiya kwance, saiwoyinta a sama, gindinta ya fi ƙarfin hannuwan mutum uku. Ba ma a layin kwalta take ba, tana can gefe inda ba abin da za ta tare. A ƙarƙashinta mutanen ƙauyen ke jiran mota, a nan masu fura ke sauke ƙwarya. Wani dattijo na zaune a kan reshenta. Ya ce, “Ɗana, kai ne aka ce za ka dasa mana itatuwa?” Na ce ni ne, Baba. Ya leƙa bayan motarmu, ya ga ledojin dashe, kowanne bai fi kamu biyu ba, ya ce, “To, Allah ya ba jikoki inuwa.” Bai ƙara ba.

Daga ranar na gane rabin aikina ba dasawa ba ne, hanawa ne. In bi safiyo a ƙafa da gwangwanin fenti, in ce wannan kukar a bar ta, wannan gawon a bar shi, wannan kurmin a karkatar da layi kaɗan a kauce masa. A kan takarda karkatar da layi fensir kawai yake ci. Haka ƙasar sama, wadda ita ce mai taki da irin ciyawa: katafila kan kankare ta ta binne ƙarƙashin jan ƙasa, mu kuma mu zo mu haƙa rami a cikin marmarar da inji ya daddaɓe, mu dasa, mu dawo muna mamakin abin da ya hana itacen girma. A tara ta gefe guda a mayar da ita bayan an gama ba wani abu ba ne, amma sai an rubuta shi a kwangila tun ranar farko.

2. Kafin ka dasa, ka san wa zai ba da ruwa a watan Afrilu.

Littattafan da na yi karatu da su, hotunansu daga ƙasashen ruwa aka ɗauko, sannan na je Abuja na gani, idona ya rufe. Da aka damƙa mini tsakiyar wasu tagwayen hanya da shataletale guda, sai na sa aka yo lodin dogayen itatuwan ado masu kama da kwakwa daga kudu, da ciyawar shimfiɗa, da furanni ja da rawaya. Ranar buɗewa an yi hotuna, an yaba, har wani babba ya tambayi sunana. A watan Nuwamba ke nan, domin lokacin ne manya suka samu sarari, ba don ƙasa ta shirya ba. Ruwan Daura kuwa, wajen milimita 600 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watannin sai tanka. Tanka ta yi ta zuwa har kuɗinta suka ƙare. Hunturu ya busar, bazara ta ƙarasa, kafin ruwan farko abin da ya rage sanduna ne a jere, leda na kaɗawa a jikinsu. 'Yan ƙalilan da suka rayu kuma inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Mai tafiya a ƙasa bai samu komai ba.

A wannan hanyar dai, bedin da wani malamin daji ya dasa tun ban shiga firamare ba yana nan kore shar. Shi ma baƙo ne, asalinsa daga Indiya, a Borno aka fara dasa shi a 1928, amma baƙon da ya iya zama da ƙishirwa. Ban ce a cika ko'ina da shi ba. Saiwarsa na fasa kwata, kuma a farkon shekarun 1990, da bedi ya riƙa bushewa a Nijar da wasu sassan arewacin Nijeriya, an ga hatsarin gari ya dogara da iri ɗaya. Maɗaci ya dace da cikin gari, dogo ne mai kwarjini, sai dai masu neman maganin ciki ba sa barin ɓawonsa ya huta. Itacen turare yana tashi da sauri amma mashayin ruwa ne. A fako kuwa aduwa da kurna da bagaruwa ba su da na biyu.

Wanda na fi jin kunyar rainawa shi ne gawo. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Inuwarsa tana zuwa daidai lokacin da matafiyi da dabba ke nemanta, kuma ba ya tare wa gero rana. Ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin awaki da shanu. Manomin da gonarsa ta yi iyaka da titi zai iya zagaye wa turare ɓawo a ɓoye ko ya ajiye masa wuta a gindi, don yana cutar masa da amfani. Gawo kuwa shi zai tsare maka shi. Aibinsa jinkirin tashi a shekarun farko, da ƙaya, da rashin kyau a hoton ranar buɗewa. In zan faɗi gaskiya, wannan na ƙarshen ne ya hana ni rubuta shi a jerina. Lokacin dashe kuma Yuli ne, bayan ruwa ya zauna, ko da babu wanda zai zo yanka ƙyalle.

3. Itacen da ba shi da mai shi, na akuya ne.

Na yi lissafin rana, na yi na iska, ban yi na akuya ba. A ƙasarmu da an kawar da amfanin gona ake sakin dabbobi, kuma a watan Fabrairu in ɗanyen ganye guda ya ɓullo a bakin titi, babu akuyar da ba ta san da shi ba a gundumar. Muka yi kejin ƙarfe masu kyau, da fenti kore da fari. 'Yan jari-bola suka gode. Muka koma na itace. Gara ta ci rabi, rabi ya shiga murhu, kuma ban ga laifin matar da ta cire ba, tuwo za ta tuƙa. Ƙayar magarya da aka kewaye wasu da ita, wadda na raina don ba ta da kyan gani, ita ta fi daɗewa. A wani wurin na jera dashe ya tare burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya tun kafin a san kwalta. Ba ya cikin taswira, saboda haka a wurina babu shi. Garke ɗaya ya warware gardamar.

Bayan rani biyu na bi layin a ƙafa ina duba waɗanda suka rayu, sai na lura ba a warwatse suke ba. Wasu a gaban mai shayi, wasu wurin mai faci, jere guda a bakin masallaci inda ruwan alwala ke gangara. Tsakaninsu fayau. Mai shayin ya ce, “Yallaɓai, ruwan wanke kofi nake zuba wa bishiyar. Ai ita za ta rufa mini asiri da bazara.” Tun daga nan na daina fara dashe daga kilomita ta ɗaya. Nakan fara daga zauren dagaci, a kira masu unguwa da masu sana'ar bakin hanya da ardon Fulani, kowa ya nuna inda yake so da inda ba ya so, a san wannan na wane ne.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu gane wannan. Bayan ayyukan dashe sun sha faɗuwa a can, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan cikin ƙasa. A zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare: abin da suke kira sassabin zamani. Abin ya kama ne sosai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kai ba. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar. Filin hanyar tarayya, in ka haɗa gefe biyu, ya haura hekta 9 a kowace kilomita, kwalta kaɗan ta ci a ciki. Kalgo da sabara da gawon da ke tsirowa a wurin kyauta, mu muke biyan lebura ya sare su don a samu wurin dasa na leda.

4. Itace ba ya kauce wa mota.

Da na ɗanɗana daɗin inuwa sai na zarce. Burina reshe ya haɗu da reshe a saman titi, mota ta bi ta ƙarƙashi. Na dasa dab da kwalta, har a cikin kwana da bakin mararraba. Shekarun farko ba wanda ya kula, dashen bai fi sanda ba. Da suka yi kauri, wani tsohon direba ya tare ni a tasha. “Malam, ku da rana kuke zuwa dubawa. Zo mu bi da dare, tirela ta haske maka ido, ka nuna mini inda zan jefa motar in taya ta fashe.” Na bi shi. A kwanar da nake alfahari da ita, ba ka ganin amalanken shanu da ke fitowa daga gona sai ka zo kansa. Da hannuna na sa alamar sare itatuwan da na yi shekaru ina roƙon a shayar.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Faransa an daɗe ana jayayya kan tsofaffin jerin itatuwan bakin hanya, an sare da yawa saboda haɗurra, masu kishinsu na kuka. Injiniyoyin Amurka tun shekarun 1960 suka sa ma'aunin barin wajen mita 9 fayau daga bakin kwalta a hanyar da ake gudu. A daji, inda direba ke take mota, babban itace ya ja baya, kusa da titi a bar wa ciyawa da ƙananan tsirrai. A cikin gari lissafin ya juya: itatuwa kusa da titi sukan sa direba ya ji wurin ya matse ya rage gudu, kuma a nan ne masu tafiya a ƙasa suke. Tsakiyar tagwayen hanya ba wurin furanni ba ne. Shinge mai duhu da bai wuce ƙirji ba, irin lalle, shi ke tare hasken motar da ke tahowa. A ɗaga kai kuma a duba waya, don ma'aikatan lantarki ba su san aski ba sai ƙwal-kwabo. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da rairayi, kuma shingen da ya rage mata ƙarfi a bayansa take sauke kayanta. In ka kafa shi dab da titi, kan kwaltar za ta sauke.

5. Ruwan da ka kora daga titi bai ɓace ba.

Injiniya burinsa ya raba ruwa da titi da wuri, kuma yana da gaskiya, ruwa ne ajalin kwalta. Sai a tara ruwan dogon zango a kwata, a tura shi ta kwalbati ɗaya, ya fita da ƙarfi a kan jigawa. Ni a lokacin ban ɗauki wannan a matsayin sha'anina ba, har ranar da wani dagaci ya aiko a kira ni. Na durƙusa na yi gaisuwa, ranka ya daɗe, ya ce, “Malam, kwalbatinku ya ci gonar marayu.” Muka je. Damina uku ta mayar da bakin kwalbatin kwazazzabon da zai haɗiye raƙumi, yana kuma cin baya yana nufo titin da kansa. Sama da shi kaɗan, ga dashena na bushewa.

A daren na yi lissafin da ya kamata in yi tun ina makaranta. Kilomita ɗaya ta kwalta mai faɗin mita 7.3, in ruwan shekara ya kai milimita 600, tana zubar da fiye da lita miliyan 4. Tanka mai lita 10,000 sai ta yi sawu sama da 400 kafin ta kawo haka. Muna biyan kuɗi a kori ruwa da damina, mu sake biyan kuɗi a sayo shi da rani. Gyaran ba sabon ilmi ba ne. A yawaita mafita, ruwan ya fita kaɗan-kaɗan maimakon a tara shi. A jera duwatsu a bakin kwalbati su karya masa ƙarfi, a dasa jema ko gamba a gangare su riƙe ƙasa. A haƙa wa kowane dashe ramin rabin wata irin wanda manoman Nijar ke yi a fako, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa. Fiye da shekara 1,200 da suka wuce Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta sa aka yi wa hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka tafkunan gini masu tara ruwan sama, da rijiyoyi da masaukai. Kufansu na nan har yau.

Sai ramukan da ɗan kwangila ke kwasar jan ƙasa ya tafi ya bari. Da damina su cika, bakinsu a tsaye, yaro ya zame babu mafita, sauro kuma ya samu gida. Amma jama'a ba sa barin su a banza: shanu na sha, masu bulo na ɗiba, wani ya yi ɗan lambu. Tun da kududdufi za su zama ko an so ko ba a so, gara a zaɓi wurinsu da shawarar gari, a kwantar da bakinsu, a kewaye da itatuwa kafin katafila ta bar wurin. In ta tafi ba ta dawowa.

6. Hanya ta faɗa wa baƙo inda ya iso.

Wata rana ina tsaye a wani shataletale ina duba masu fenti, mota mai lambar Nijar ta tsaya, mai ita ya leƙo ya yi sallama, ya ce don Allah ina hanyar rijiyar Kusugu? Na yi masa kwatance da hannu. Da ya tafi na duba kewaye da ni: allunan 'yan siyasa, tallan kamfanonin waya, tayil mai ƙyalli da na zaɓa daga kundin wani ɗan kasuwa. Da za a ɗauke wurin a ajiye a kowane gari a Nijeriya, ba wanda zai ce an yi kuskure. A tsarin da na zana kaf, babu allo guda mai nuna rijiyar da mutane ke tasowa daga wata ƙasa don su gani.

Abin ya fi ciwo in ka tuna labarin da garin ke tinƙaho da shi. Bayajidda matafiyi ne, ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ba a samu sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsa aka ce Hausa Bakwai suka fito. Masana tarihi suna da ja a kan yawancin wannan, kuma wannan fagensu ne. Ni abin da na gani a ciki, a makare, shi ne tsohon labarin garin nan labarin baƙo ne da ya sauka daga hanya ya nemi abin sha. Yau rijiyar na cikin gini a tsohon gari, ana zuwa ana ɗiban ruwanta, amma baƙon sai ya yi ta tambaya kafin ya same ta.

Da na farga sai na yi abin da sabon tuba ke yi, na wuce gona da iri. Na zana ƙaton maciji na siminti ya naɗe rijiya, a kafa a tsakiyar shataletale, na kuma ba da shawarar a faɗaɗa lungun da ke kaiwa Kusugu don manyan motocin baƙi su isa har ƙofa. Na kai wa wasu dattawa ina jiran yabo. Ɗayansu ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, “Malam, macijin da aka kashe don mutane su huta, shi za ka ɗora mana a kan hanya?” Wani ya ƙara da cewa gunkin abu mai rai a garin Musulmi, wa zai tsaya ya kare shi ranar Juma'a? Batun faɗaɗa lungu kuwa, suka tambaye ni zaurukan wa zan fara rushewa. Na naɗe takardata.

Abin da suka nuna mini yana gabana tun ina yaro: zanko a kan soro, dagi a fuskar zaure, launin makuba, siffar guga. Da waɗannan ake yi wa mashigar gari fuska, ba da tayil ba. Manyan motoci su tsaya a fili a wajen tsohon gari, baƙo ya ƙarasa a ƙafa cikin inuwa, ya wuce masu sana'a su ma su samu ciniki. Alluna su zo da Hausa a boko da ajami, da Turanci, da Faransanci saboda mutanen tsallaken iyaka. Allunan talla kuma a yi musu iyaka. Amurka sai da ta yi doka a 1965, da ƙoƙarin uwargidan shugaba Lyndon Johnson, kafin ta rage su a manyan hanyoyinta. Sannan wani abu da ba littafin da zai gaya maka: wannan garin dawakai ne. Da Sallar Gani da hawan salla biyu, titin da kake zanawa na mahaya ne, kuma kofato ba ya shiri da daɓe mai santsi. Wani mai kula da dawakin wani hakimi ne ya roƙe ni in bar zirin ƙasa a gefe, bayan dokinsu ya zame a kan daɓen da na yi ta yabo.

7. Ba a zaɓa wa direba wurin tsayawa.

Mun taɓa gina wurin hutawar matafiya a wani fili mai kyan gani, nesa da gari, da rumfuna da kujerun siminti. Ba wanda ya tsaya. Direba yana tsayawa inda akwai masallaci, da shayi, da mai faci, da idon jama'a a kan kayansa. Ba zai kwana a dajin Allah don kujera ta yi kyau ba. Suka ci gaba da jera tireloli a bakin kwalta a garuruwan da suka saba, ranar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa kuwa abin sai wanda ya gani. Da mun je inda suke tsayawa mun faɗaɗa musu gefe, mun ja rumfunan masu rake da tsire baya kaɗan, mun dasa inuwa, da kuɗin sun yi aiki. Kuma duk tambayoyin da na yi, maza na yi wa. Sai da wata hajiya da muka haɗu a mota ta ce, “Ɗan nan, kun taɓa tunanin inda mace za ta kewaya tsakanin Kano da iyaka?” Ban taɓa ba.

8. A biya itacen da ya rayu, ba wanda aka dasa ba.

Kwangilar dashe yadda aka saba rubuta ta, ana ƙirga ledoji ranar da aka sa su a rami, a biya, a rufe fayil. Na sa hannu a kan irin waɗannan takardu da yawa, kuma duk gaskiya na rubuta: an dasa. Ba wanda ya taɓa aiko ni in koma bayan shekara. Kafin in bar aiki na rubuta shawara cewa a raba kuɗin uku: kashi ɗaya ranar dashe, ɗaya bayan rani na farko, na ƙarshe bayan rani na uku, gwargwadon abin da aka samu a raye, kuma wani kaso ya tafi kai tsaye ga mutanen bakin hanya da suka shayar. Da haka ɗan kwangila da kansa zai guji itacen kudu, ya jira Yuli, ya nemi mai shayi. Kowa ya ce shawara ta yi. Akanta ne kawai ya tuna mana cewa kasafin kuɗi na shekara ɗaya ne, abin da ba a kashe ba kafin a rufe littafi komawa yake yi baitulmali, kuma shi ba shi da layin da zai ajiye kuɗin itace har shekara uku. Aka ce a kafa kwamiti ya duba. Na yi ritaya kafin ya zauna.